Yadda Na Ƙwato Tumbina

Tun ina saurayi Allah ya hore mini tumbi. A tashar Birnin Kudu, inda na tsufa ina lodin motocin Gwaram, direbobi kan ce in na zauna gaba, mota sai ta karkace. Ban taɓa jin haushi ba. Hassada ce.

Sai ciwo ya zo. Zazzaɓi, kasala, gumi kamar an watsa mini ruwa. Daga asibitin garinmu aka tura ni Kano, can aka ce sankarar jini ce. Aka fara ɗura mini magani ta jijiya, abinci ya fita raina, ko tuwo na sa a baki sai in ji kamar ƙasa. Babbar rigata ta koma kamar an rataye ta a ƙusa.

Ni da ban gama firamare ba, na zauna na yi wa likita darasi. Na ce, "Likita, kitsen nan rumbu ne. Da ramamme ne ni, da tuni an yi sadakar uku."

Ya ce, "Baba, ƙiba ba magani ba ce, tana da nata sharrin. Amma irin wannan zubewar da kake yi ita nake tsoro. In sikeli ya ci gaba da sauka, dole in dakatar da maganin."

Dakatar da magani kuwa, ko ni na san fassararsa.

Muka dawo gida. Mai ɗakina ta yi lallashi, ta yi kuka, ta dama kunun gyaɗa, ta dafa ƙwai. Na kau da kai. Sai ga abokin wasana, ɗan kawuna daga Farin Dutse, siriri kamar karan dawa, wanda muka yi shekara da shekaru muna zagin juna. Ko sannu bai ce ba. Ya zauna, ya jawo kwanona ya fara ci.

Ya ce, "Hajiya, kar ki ƙara wahalar da kanki. Ni ki riƙa zuba wa. Rigunan ma a ajiye mini, na ga yanzu daidai ni suke."

Na ce, "Kai tsinke, ajiye kwanon nan."

"Zo ka ƙwata, in da ƙarfi."

Na ƙwata. Na ci, ina jin amai, ina hararsa. Washegari ya dawo da cokalinsa a aljihu. Haka ya bar gonarsa ga 'ya'yansa, kullum ya hau mota ya zo cin abincina, ni kuma in hana shi. Wani lokacin loma kaɗan nake iyawa, amma ba na barin ya ga bayan kwanon.

Da muka koma Kano, sikeli ya tsaya cak, daga baya ya ɗan ɗaga. Ba a dakatar da komai ba. Na karɓi maganin har ƙarshe, ranar da likita ya duba sakamakon jini ya ce alhamdu lillahi, ciwon ya lafa, sai dai a riƙa zuwa ana dubawa.

Na fito neman tsinken nan, wanda ya rako mu asibitin, in yi masa gori. Na same shi bayan motar da ta kawo mu ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Wai abu ne ya faɗa masa a ido. Har yau duk wanda ya zo gaishe ni, da wannan nake fara ba shi labari.