Rumbun da Yaya bai buɗe ba

Yayana ya dawo daga Abijan da jaka ɗaya, da tari, da wani akwatin wasa mai launin toka. Shekara shida yana biɗa a can, kuma mutanenmu na Barmu sun sa ran zai zo da keken ɗinki ko babbar rediyo. Da ya kwance tsumman da ya naɗe abin, Gwaggo ta leƙa ta ce, "Wanga kuma mi amfaninai?" Ya ce ɗan maigidan da ya yi wa gadi ne ya gaji da shi ya bar masa. Ta taɓe baki ta koma kan tukunyarta.

A gidan Gwaggo, ƙanwar babanmu, nake zaune a Tawa saboda karatu, ina da shekara goma sha shida. Karatun kuwa babu shi a wannan shekarar. Yau malamai na yajin aiki, gobe mu ne, har muka daina ɗaukar littafi. Yaya ya sauka wurinmu don ya kasance kusa da asibiti. Mijin Gwaggo na da tele, wato talabijin, wadda ake haɗa akwatin da ita, tashar kuma ba ta buɗewa sai da yamma, saboda haka daga hantsi zuwa la'asar tamu ce, in dai akwai wuta.

Wasan na tafiya ne. Mutum huɗu ake kora daga gari zuwa gari, ana yaƙi da dodanni, ana neman wani mayen sarki da ya kulle ruwan sama a hasumiyarsa. Duk maganar cikinsa da Faransanci take, Yaya kuwa bai taɓa shiga aji ba. A Abijan da ka yake bugawa. Da na karanta masa abin da sarkin ya aikata, sai ya gyara zama ya ce, "Ashe! Wanga kam kisa ya kama shi." Nan take ya sa muka faro daga farko. Mai takobi ya sa masa sunansa, yarinya mai warkarwa ya sa mata nawa. Shi ke riƙe da madannin wasan, ni ke karatu, in na yi jinkiri ya ce kuɗin alli sun tafi a banza.

Wata uku muka yi a haka, kuma a ciki na gano halin da ya fi ba ni haushi. Akwai wani magani a wasan, ƴar kwalba mai ruwan zinariya, wadda in mutum ya sha komai raunin da ya ji zai miƙe garau. Ba a sayar da ita, sai dai a tsinta a kogo ko a akwatin da aka ɓoye. Mun tara tara. Ko ɗaya Yaya bai taɓa yarda an sha ba. Za a kashe mu, a mayar da mu baya tafiyar sa'a guda, kwalaben na nan cikin jaka.

"Yaya, don Allah ka ba ta guda, za ta mutu!"

"Ke, bari. Yanzu kaka ta. Wa ka buɗe rumbu da kaka?"

Na san inda ya samo wannan. Lokacin babbar yunwa ina goye, shi kuwa ya yi wayo. Ya ga Baba ya liƙe bakin ƙaramin rumbu da laka, ya shimfiɗa tabarmarsa a gindinsa, yaran gida na kuka bai buɗe ba, don hatsin iri ne a ciki. Da ruwa ya sauka, gidanmu na cikin ƴan gidajen da suka yi shuka. Yaya kan ba da wannan labari da alfahari. Ni kuwa nakan ce masa ai kwalba ba ta tsirowa.

Muka kai ƙofar hasumiyar ana gab da damina. Akwai wani wuri a bakin ƙofar da ake ajiye tafiya, in an kashe akwatin a dawo a tarar da kai a nan. Yaya ya ajiye, ya ƙi shiga. Kullum sai ya koma daji yana kashe ƙananan dodanni wai yana ƙara ƙarfi. Mako biyu muna abu ɗaya. Na yi fushi, na ce tsoro yake ji, na yi kwana biyu ban zauna kusa da shi ba. Har yau ina jin ciwon kwana biyun nan.

A lokacin yatsunsa sun fara rawa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ranar wata Laraba Baba ya zo daga Barmu, ya shiga wurin likita shi kaɗai, ya fito ya ce gobe da safe za su tafi gida. Ba wanda ya tambayi dalili. Kowa ya san abin da ake nufi in an ce a kai mutum gida. A Barmu kuwa babu wuta, balle tele.

Gwaggo ta ce in haɗa masa kaya. Ina ɗaga matashinsa sai ga wani ƙullin ƙyalle. Na kwance, na ga ƙwayoyin maganin asibiti, farare da jajaye, cike da tafin hannuna. Ashe in an ce ya sha biyu, ɗaya yake sha ya ɓoye ɗaya. Na fita da su tsakar gida inda yake zaune.

"Yaya, mi na wanga?"

Bai ko ji kunya ba. "Na aje ma ranar da ciwo ya yi tsanani. Kin san tsada garai."

"To wace rana ta kake jira?"

Ban san ko da ya sha su duka zai tashi ba. Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti ta ce mini irin ciwonsa ba ya jin magani a wancan zamani, wataƙila kuma don ta kwantar mini da hankali ta faɗa. Amma a ranar na tsane shi, na tsani rumbun Baba, na tsani duk wani mai tanadi a ƙasarmu ta Adar.

Bayan azahar ya kira ni. Ya sa an jingina shi da bango a gaban tele, ya miƙo mini madannin. "Hannuna ba su iyawa. Ki shiga da mu."

Ban taɓa riƙewa ba sai ranar. Hasumiyar hawa bakwai ce, kowane hawa da dodonsa, yana faɗa mini inda zan bi yana tari. Wuta ta ɗauke muna hawa na huɗu. Muka zauna muna kallon baƙin gilashi, ina jin Baba a zaure yana magana da direban motar gobe. Wajen rabin sa'a ta dawo, muka faro daga bakin ƙofa. Wannan karon ban tsaya buɗe ko akwati ɗaya ba.

Mayen sarkin ya cika fuskar tele. Bugu biyu ya yi, mai takobi ya durƙusa, jininsa saura ƙiris. Na buɗe jaka na kai kan kwalba.

"Ke! Bari, ba yanzu ba."

Na danna. Mai takobi ya miƙe.

"Na ce miki ba yanzu ba!"

"Yanzu na, Yaya. Babu gobe."

Ban yi niyyar faɗar haka ba, fita ya yi. Ban waiwaya na dube shi ba. Duk sanda mai sunansa ya raunana sai in ɗura masa, ko raunin bai kai ba, da gayya, da haushi, ina kuka. Sauran ukun suka faɗi, har da mai sunana, ban ba su ko ɗigo ba. Sai da sarkin ya fara tsattsagewa yana narkewa, sannan na ji Yaya ya ce a hankali, "Alhamdu lillahi."

Aka nuna gajimare ya haɗu, ruwa ya sauko a kan garuruwan da muka wuce. Sai rubutu ya fara hawa daga ƙasa zuwa sama, mai yawa, ba ya jiran kowa. Wata uku ina karanta masa kowace kalma, har da sunan gishiri a kanti. Wannan kuwa ban ga komai ba, idona ya cika. Na share, ya sake cika. Kafin in farga rubutun ya ƙare.

"Mi sunka ce?"

Na ce sun ce an yi damina mai albarka, hatsi ya yi har an rasa wurin zubawa, mai takobi kuma ya koma garinsu ya warke sarai, ya yi aure.

Ya dube ni da gefen ido. "Rubutun ya hi haka yawa."

"Na taƙaita."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya tambaya kwalba nawa ta rage. Na ce ɗaya. Ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla. Kin bar iri."

Da safe aka shimfiɗa masa katifa a bayan mota tsakanin buhuna. Na sa masa ƙullin maganin a aljihu, na ce in bai shanye ba ba ni ba shi. Ya ce to. Akwatin ya bar mini. Kwana goma sha ɗaya ya yi a Barmu. Ruwan shuka ya sauka washegarin da aka rufe shi, Baba ya fita gona da jajayen idanu don shuka ba ta jira. Gwaggo ta ce an samu ƙullin a aljihunsa yadda na sa shi.

Sai bayan sadakar arba'in na iya haɗa wayoyin. Abin da nake so kawai in ga rubutun nan, in san abin da na hana shi ji. Ban san cewa wasan ba ya ajiye ƙarshensa ba. Da na kunna, sai ga mu a bakin ƙofar hasumiya, inda Yaya ya ajiye da hannunsa. Mai takobi na tsaye da sunansa a sama, jininsa cike, yarinya mai sunana na bayansa. Na buɗe jaka. Kwalba tara, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Na daɗe ina kallonsa yana ɗan motsa ƙafa a wuri ɗaya, yana jiran a ce ya shiga. Gwaggo ta leƙo ta ce in ba yi zan yi ba in kashe, wuta ba kyauta ba ce. Na kashe, na naɗe akwatin a tsummansa. Har yau ban san abin da rubutun ya ce ba.