Ƙafata Ta Tsaida Motar Bello

'Yan uwa, yau ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba, ni nit tsaida mota!

Bello ɗana yad ɗauke ni daga Sabon Birni za mu garin Isa wurin suna, cikin motar da yas sayo hannun wani dogon Buzu. Kun dai san Bello, gajere kamar ubanai. Ni ko kullum bayan direba nike zama, idona bisa hannunai.

Tun ƙofar gida nic ce, "Bello, da ƙyar ƙafarka ke kaiwa ga birki. Tsaya ka gyara kujerag ga."

Yac ce, "Inna, mun makara."

Muna cikin gudu sai yas sa hannu ƙarƙashi yaj ja ƙarfen kujera. Innalillahi! Kujera ta zame baya har gwiwata! Ƙafarshi ta rabu da birki. Ga shanu sun cika hanya gabanmu!

Yana ihu, "Inna, ba ni kaiwa!"

Nic ce, "Sake jan ƙarfen, sakarai!"

Yana ja, nid dafe bayana, nis sa ƙafa biyu nit tunkuɗa kujerar gaba. Ƙas! Ta kama. Birki ƙiiii! Hancin mota na shafar wutsiyar wani bijimi munka tsaya.

Mai shanun ya leƙo, yac ce, "Sannu, direba."

Nic ce, "Ni za ka yi ma sannu, yaro."

Bello na haki yac ce wai yanzu kujerar ta yi mai daidai. Nic ce inda ƙafata ta aje ta, nan za ta zauna. In ya sake taɓa ƙarfen nan bisa hanya, za ni sauka in hau jaki.