Kawunnansa Nake Tambaya

Gwaggona Furera ta yi shekara ashirin da shida tana aikin jinya a ɗakin masu ciwon daji da cututtukan jini a wani babban asibiti a Kano. Gajera ce, ga faɗa, ga tambaya. A ƙauyenmu da ke gabas da Zakirai, in ka ce mata kanka na ciwo, sai ka gaya mata abin da ya kashe kakarka kafin ta ba ka magani. Mu 'ya'yan 'yan'uwanta har ɓuya muke yi in ta zo hutu. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce a ɗakin nan ta koyi cewa rabin ciwo a bakin dangi yake.

A shekarun da hatsi ya yi tsada, asibiti ma safar hannu ta gagare shi, abokan aikinta da yawa suka tafi ƙasashen waje. Ita ta zauna. Duk ƙarshen wata tana shigo motar haya, ta duba gyaɗarta, ta sha fura, ta yi wa mutane faɗa ta koma.

A irin wannan zuwan ne ta shiga barka gidan maƙwabcinmu Badaru. Matarsa Larai ta haifi namiji, saura kwana biyu suna. Kowa na murna, amma a ɗarare, don ɗansu na fari ya rasu bayan wanzami ya cire masa beli. Jini ne ya ƙi tsayawa.

Gwaggo ta karɓi jaririn, ta buɗe zani. Cinyarsa, inda aka yi masa allurar rigakafi, ta kumbura ta yi baƙi. Ta sa aka kira mata Badaru.

"A danginku akwai wanda jini ke wahalar tsaya masa?"

Badaru ya gyara hula. Ya lissafo ubansa, kakansa, yayyensa, duk ƙarfafa, masu noma har tsufa. "Hajiya, gidanmu babu wannan."

"Malam Badaru, baffanninsa ka lissafa mini. Kawunnansa nake tambaya."

Mu nan in an ce dangi, gidan uba ake nufi. Ba wanda ya taɓa waiwayar ɗakin uwa. Sai Inna Hure, mahaifiyar Larai, wadda ta zo daga Ɗanbatta zaman jego, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Biyu ne, duk sun rasu," in ji ta a hankali. "Ɗaya wajen kaciya. Ɗaya ya faɗi ne ya fasa leɓe. An ce wabi nake yi."

"Ba wabi ba ne, Inna, kuma ba laifinki. Ciwo ne da ke bi ta wajen uwa ya kama maza. Jininsu ba ya daskarewa. Kada aska ta taɓa yaron nan."

Ranar suna wanzami Ɗan Iya ya iso da zabirarsa, ya tarar da Gwaggo zaune a bakin ƙofa kamar an dasa ta. Tsofaffi suka yi ta gunaguni, wai beli zai hana yaro shan nono. Ta ce gashi ma da almakashi za a rage. Aka raɗa masa Uwaisu, washegari ta tafi da su Kano. Gwaji ya tabbatar da maganarta. Allurar ciwon ba kullum ake samunta ba, amma Gwaggo ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, kuma ba ta jin kunyar komawa sau goma. Uwaisu na nan, an yi masa kaciya a asibiti, bana ma ya fi ubansa tsawo.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zuwan Ɗan Iya gidanmu bayan sun dawo. Shi ne ya cire wa na farin beli. Ya durƙusa a tsakar gida a gaban Gwaggo.

"Hajiya, wancan yaron, hannuna ne?"

"Ba hannunka ba ne, Baba. Jininsa ne."

Tsohon nan ya rufe fuska da hannun riga ya yi kuka, ni ma na yi. Shekara uku yana ɗauke da abin shi kaɗai.

Gwaggo ta yi ritaya, tana noman gyaɗarta, faɗan ma bai ragu ba. Ɗan Iya kuwa har ya rasu bai ƙara buɗe zabira a gidan suna ba sai ya aika ciki an tambayo masa mai jego: kawunnan yaro suna raye?