Wayar da Ke Ƙarƙashin Tanki

Har yau raina yana ɓaci in na tuna tsohon babur ɗin yayana. Ba ya tsayawa a silo, da an saki totur sai ya mutu. Kwana uku ina bin wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa, har na gano wata da ta goge a ƙarƙashin tanki tana taɓa ƙarfe.

Ana gobe jarrabawata ta shiga kwalejin horon malamai, wadda za a yi a Birnin Kudu, ni da Yaya muka kai shi wurin wani bakanike abokin mahaifinmu. Na ce, "Baba, ina ganin waya ce."

Ya yi dariya. "Ɗan boko, babur ma sai da takarda? Kafireto ne." Ya murɗa silo ya ƙara masa wuta, injin ya yi ta ihu. Yaya ya harare ni, don ba a gyara wa babba zance a gaban mutane.

Washegari muka taso daga garin Sara, babur ɗin ya mutu a tsakiyar gonaki. Awa guda Yaya yana goge fulogi kafin ya bar ni na naɗe wayar da roba. Bugu ɗaya ya tashi. Muka isa Birnin Kudu an rufe ƙofar ajin. Sai da na jira wata shekara.