Cha'ibu, Wanda Ya Hana Jirginmu Tsagewa

Da an sallame Asuba, kafin ma ya kurɓi koko, Baba Cha'ibu ya gangara bakin korama da 'yar ƙwaryarsa. Ya kwashe ruwan da ya kwana cikin jirgi, ya bi katakon da tafin hannu yana lalube, inda ya ji tsaga ya cusa tsumma. Shekara talatin da 'yan kai haka yake. Jirgin nan shi kaɗai gare mu, kuma in damina ta kankama ba mai zuwa kasuwar Matameye ko likita sai ta cikinsa.

Wanda bai san jirgin katako ba yana zaton ruwa ke kashe shi. Ina, rana ce. Ka bar shi a tudu wata biyu, ya bushe ya tsattsage, ya tashi daga aiki. Shi ya sa kowace shekara da ruwa ya fara ja, Baba yake neman gurbi mai zurfi, mai inuwa, inda iska ba ta dukansa, ya loda wa jirgin duwatsu ya nutsar da shi sai wata damina.

Sai shekarar farin nan ta zo. Korama ta ƙafe tun sanyi bai shigo ba. Tsohon nan ya taka har Dungu, ya taka har Icirnawa, yana neman inda zai jiƙa jirgi. Tafki ɗaya ya samu da sauran ruwa, amma lokacin soja ne, kumandan ya kafa doka: ruwan na mutane da dabbobi ne kawai. Baba bai ja ba. Ya ce, "Ai gaskiyarsu ce," ya juyo gida ƙafa a kumbure.

Mu kuwa, Allah ya yafe mana, cewa muka yi a faskara shi a yi girki. Hamisu maƙeri har gatari ya ɗauko.

"Baba, ruwan ma ya tafi, jirgin me kuma?"

"Da zai tafi, ce maka ya yi ba zai dawo ba? Mai da gatarinka, ɗana."

Ya haƙa tsakiyar korama, ƙarƙashin wata kanya, har ya taɓa yashi mai damshi. Ya binne jirgin a ciki, ya rufe da zana. Ruwan sha ma da kyar ake samu, to da me za a riƙa jiƙa shi? Sai muka ga kowace salla yana zuwa da butarsa, yana alwala a bisa wurin don kada ɗigo ɗaya ya zube a banza. Matarsa Kande tana mita, amma ita ke kai ruwan ɗauraya. Da farko dariya muke. Ranar da liman ya bi shi da tasa butar, sai muka ji kunya, muka bi. Wata bakwai a nan mazan ƙauyenmu suke alwala.

Da Allah ya sauko da ruwa, korama ta cika cikin kwana ɗaya. Mun riga mun cinye irinmu saboda yunwa, irin shuka na taimako kuwa ga shi can an sauke a ƙetare. In ba a shuka cikin satin ba, an rasa shekara. Da ma Baba ya tono jirgin tun hadarin farko. Aka tura shi ruwa. Wallahi bai yi yoyo ba.

Baba Cha'ibu, kai ne ka yi sawu goma sha ɗaya a ranar, ba ka ci ba, ba ka zauna ba. Kai ne ba ka taɓa yi wa ɗayanmu gori ba. Mai jirgin ƙauye, mai haƙurin rani. Yau gwiwa ta hana ka gangarawa, ka ajiye sandar tuƙi, kuma ina rubuta wannan zuciyata cike da ƙaunarka.

Duk wanda aka damƙa wa kayan jama'a, rijiya ce ko rumbu, ya riƙe shi haka ko da kowa ya ce amfaninsa ya ƙare. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Geron da muke shukawa har yau, a jirginka ya ƙetaro.