Dokin Rake da Gurmin Tanimu

Shekara tara ke nan da rasuwar Tanimu mai gurmi, mutumin Taba ta ƙasar Kudan. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Ni na kama dillancin mazarƙwaila, ina saye a ƙauyukan Makarfi ina lodawa zuwa Kano, shi kuwa ya rungumi gurmi. Yakan ce ni ƙuda ne, duk inda zaƙi yake ina wurin. Ni kuma in ce gara ƙuda da gyare, mai kwana kuka ciki ba komai.

Tanimu ba maroƙi ba ne. Ba shi da ubangida, ba shi da 'yan amshi, bai taɓa bin motar ɗan siyasa ba. Noma yake yi, in rake ya nuna sai ya rataya gurminsa ya tafi inda ake matsa. A lokacin doki ke juya injin, yana zagaye, ƙarfen yana kuka duk zagaye. Tanimu yakan zauna kan tulin tuƙar rake, ya yi ta ɗaure tsirkiya har ta yi daidai da kukan ƙarfen, sannan ya ɗauki kiɗa daga takun dokin. Ya taɓa gaya mini shi ba ya ƙirƙirar komai, doki ke ba shi kiɗa, masu dafa ruwan rake su ba shi magana. Waƙoƙinsa a kan fadama suke, da hayaƙin kasko, da dabbar da ke wuni tana tafiya ba ta bar inda take ba. Sunan mutum jefi-jefi yake shigowa, shi ma don tsokana, in ya ga wani cikinmu yana gyangyaɗi. Bai yi kaset ba, mu ma ba mu ga dalili ba, tunda kullum yana nan.

Bana 'yarsa Hajara, wadda ke koyarwa a Ikara, ta zo mini da wayarta. 'Ya'yanta sun fara tambayar wace irin waƙa kakansu yake yi, tana so ta ɗauka daga bakin waɗanda suka zauna da shi. Na ce mata wannan ai ba aiki ba ne. Ranar kasuwar Hunkuyi na tara abokan zamansa a rumfata, dattawa masu furfura, kowa yana cewa shi ya fi kowa sanin Tanimu.

Audu mai awo ya fara, ya rera baitin da Tanimu ya yi wa tiyarsa ba'a. Na gefensa ya kawo nasa, inda aka ambaci shi da jakinsa. Da aka zo kaina, ni mai cika baki, abin da ya fito shi ne baitin ƙuda. Hajara ta roƙe mu waƙar doki, wadda mahaifiyarta ta ce ita ce babbar waƙarsa. Muka soma gunguni tare, muka tsaya tare. Ba wanda ya iya wuce farkonta.

Ta kunna mana abin da ta ɗauka, muka saurara. Sai ta dube ni.

"Kawu, ashe dai Baba roƙo yake yi? Inna ta ce bai taɓa ba."

"Bai taɓa ba."

"To ai ni sunaye kawai nake ji."

Na sunkuyar da kai ina gyara buhun da ba abin da ya same shi. Shekaru muna zaune gabansa, ashe kowa kunnensa na jiran sunansa ne. Abin da ya guje wa duk rayuwarsa, shi muka mayar da shi a gaban 'yarsa, da bakinmu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Injin mai ya kori doki kusan ko'ina, ƙararsa ba ta barin a ji mutum, balle gurmi. Mawaƙan zamani kuma suna jera sunaye a waya, kowa da nasa layi. Ba na jin zai yi fushi da su, sana'arsu ce. Mu zai yi wa dariya, ya ce ƙuda ai ba ya sauraron kiɗa.

Bayan kasuwar na ɗauki Hajara a mota zuwa wani ƙauye bayan Dandamisa, inda na san wani tsoho bai rabu da dokinsa ba. Na ce ta ɗauki wannan, nan kiɗan mahaifinta yake. Ta miƙa wayar, dokin yana zagaye, ƙarfen yana kuka. Can na ga ƙafata tana buga ƙasa da kanta, sai ga maganar waƙar dokin ta zo mini, kan dabbar da ke tafiya ba ta isa ba. Na rera da muryata marar daɗi, ta katse a tsakiya.

Rabin baiti ne, kuma babu sunan kowa a ciki. Iyakar abin da na iya mayar wa jikokinsa ke nan. Allah ya jiƙan Tanimu, ya kai haske kabarinsa.