Na Je Rufe Makaranta a Bakin Tafki

Ana sallame sallar asuba ranar Talata muka bar Yelwa, ni da direba, a tsohuwar motar ofishin ilimi. Aikina duba makarantu ne, kuma wannan fitar ba da son raina na yi ta ba. Kansila mai kula da ilimi ya ce duk makarantar da yara suka daina zuwa a kawo masa sunanta kafin zaman kwamiti na ranar Alhamis, a rufe ta, a mai da malaminta wani wuri. Makon jiya na gama da ɓangaren Shanga, na kawo sunaye biyu, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Saura wata 'yar makaranta a bakin tafki, can gaba da Wara, wadda aka ce ta zama kufai.

Kwalta ta yi mana kirki har mararraba, daga nan sai jar hanya mai ramuka. Motar tamu tana da halinta: in ta ga gangara sai murna, in ta ga tudu sai ta tuna shekarunta. Sau biyu muka tsaya garken shanu ya ƙetare. Muka wuce matan Kambari a jere da kaya a kafaɗa, za su kasuwa. Ni dai idona na kan agogo, domin in ban isa kafin a tashi yara ba, tafiyar ta zama banza.

A Wara muka karya da tuwon shinkafa da miyar kifi, kwabo hamsin, abin da a Yelwa sai ka ba da naira. Direba ya ƙara kwano, ni ko rabin nawa ban ci ba. Daga nan mota ba ta wucewa, sai jirgin ruwa. A bakin ruwa mai jirgi ya ce ba ya tashi sai ya cika, kuma da buhunan albasa yake cikawa, ba da mutane ba. Na zauna, na tashi, na zagaya, na dawo, har wata mai sai da ƙosai ta tambaye ni ko ciwon ciki nake yi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na sauka a ƙauyen. Makarantar aji biyu ce, ƙofarta ɗaure da igiya, awaki kwance a baranda. Na leƙa ta taga: ba yaro, ba benci, ko allon bango babu. Na buɗe fayil na rubuta abin da na gani. Ina rufewa sai wata tsohuwa da ke bandar kifi a gefe ta ɗago kai.

"Wa kaka nema?"

"Malamin makaranta, Inna."

"Yana tunga da ɗiyan. Ruwa ya ja baya, mutane sunka bi kifi, shi ma yab bi su."

Da na juya daga nan, ba wanda zai tuhume ni. Mai jirgi ma ya ce da rana ta karkata iska ke tashi. Na tsaya ina jujjuya fayil a hannu, daga bisani na ƙara masa naira biyu muka nufi tungar, zangon da masunta suka kafa. Muka riƙa ratsa kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka yi dam, igiyar ruwa na dukan jirgin. Ban iya iyo ba, kuma ban gaya wa kowa ba.

Kafin in ga makarantar na ji ta: muryoyin yara suna rera biyu sau biyu. Bayan bukkoki da tarun da aka shanya, ga rumfar kara, ga allon nan da ya ɓace an jingine shi da tulu, ga benci uku. Malamin saurayi ne siriri. Da ya hango fayil a hannuna sai alli ya faɗi daga nasa.

Na karɓi rajista na kira suna da kaina. Cikin talatin da huɗu, ashirin da shida suka amsa, har da 'yan mata tara. A tsakiyar Yelwa ma akwai ajin da ban samu haka ba.

"Ranka ya daɗe, na san laifi na yi," in ji malamin. "Sati uku ina zaune cikin aji ni kaɗai. Ban nemi izini ba don na ji tsoron a ce a'a."

Dattijon tungar, wanda ya ba malamin bukka, ya matso ya gaishe ni. Ya ce, "Malam, ba mu ƙi boko ba. Amma wa za ya bar ƙananan ɗiya su ƙetare ruwan ga kullum? In kunka ɗauke yaron ga, to karatu ya ƙare muna."

Ban yi musu alkawarin komai ba, don ba a hannuna yake ba. Suka cika mini leda da busasshiyar tarwaɗa, na ce aiki ya hana ni karɓa, suka miƙa wa mai jirgi, shi aiki bai hana shi ba.

A Wara muka kwana, Laraba da hantsi muka iso gida. Sau uku na rubuta rahoton ina yagewa, na huɗun na faɗi duka biyun: ginin ba kowa, yaran suna karatu. Ranar Alhamis aka yi ta ja. Wani ya ce in aka bar wannan, gobe kowane malami zai ɗauki allo ya yi gaba. Ba ƙarya ya faɗa ba. A ƙarshe aka bar makarantar har ƙarshen shekara, aka ce in riƙa zuwa duk wata, malamin kuma a ba shi takardar gargaɗi saboda ɗaukar kayan gwamnati ba izini. Ni aka sa na rubuta ta.

Shekara goma ina wannan aiki, ina ganin na iya shi. Tafiyar nan ta nuna mini cewa ƙofa nake dubawa, ba na tambayar inda yara suke. Makarantun nan biyu na Shanga, a bakin ƙofa na tsaya na juyo, kuma an riga an rufe su. Na roƙi mota ranar Litinin, zan koma in yi tambaya.